Aliyu Namangi, Gwanin da Ya Auna Waƙa da Kunne

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Zazzau yana da baiti ɗaya ko biyu na Imfiraji a kansa, ko da bai taɓa riƙe littafin ba. Yawancinmu ba a aji muka same su ba. A bakin makafi muka tsinta, ranar Juma'a, a hanyar da ta taso daga Babban Dodo ta nufi ƙofar fada da babban masallaci. Sukan jeru a gindin katanga, kowa da sandarsa kwance gefen ƙafa, ƙoƙonsa a gabansa. Ɗaya ya ja baiti, murya ta hau ta sauko, kafin ya dire abokinsa ya riga ya cika ƙirji da numfashi zai karɓa. Babu kalangu, babu tafi, amma ka dubi kan mai goron da ke kusa da su za ka ga yana kaɗawa a hankali, shi kansa bai sani ba. Wani dattijo ya jefa sadaka ya wuce, ya yi taku uku, wani ɗango ya kama shi, ya tsaya cak sai da aka kai ƙarshen baitin.

Mai wannan waƙa shi ma makaho ne. An haifi Malam Aliyu wajajen 1894 a ƙauyen Namangi na ƙasar Zazzau, ciwo ya tafi da idanunsa tun yana ƙaramin yaro, ya yi zamansa a Zariya, ya rasu a 1990. Ke nan ya zo duniya kafin Turawa su kafa sansani a Zariya a 1902, ya kuma yi zamani da sarakunan Zazzau takwas, daga Yero har zuwa Shehu Idris. Garin da ya zauna kuwa ba baƙon waƙa ba ne. Malam Shi'itu ɗan Abdurra'ufu ya yi nasa wa'azin a waƙe tun a ƙarni na 19. Sarki Aliyu ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920 kafin a kai shi Lakwaja, shi ne mai Tabarƙoƙo. A bayan Namangi ga Abubakar Ladan da waƙarsa ta haɗa kan al'ummar Afirka. Amma duk cikinsu babu wanda waƙarsa ta shiga lungu ta zauna a bakin talaka kamar ta wannan makaho, kuma abin da nake so mu duba ke nan: yaya aka yi mutumin da bai taɓa ganin baƙi a kan takarda ba ya tsara ɗaruruwan baitoci, daidai wa daida, har mutanen da su ma ba sa gani suka ɗauke su suka kai garuruwan da bai taɓa takawa ba?

Amsar tana farawa daga makarantar allo. Almajiri mai ido yana da allonsa. In ya manta sai ya duba. Makaho ba shi da wurin dubawa sai cikin kansa. Malam ya biya masa, ya maimaita, ya kwana yana tilawa, gobe a ƙara. Haka zai bi Alƙur'ani, haka zai bi littattafan zaure, haka zai sha Ishiriniya da Burda a daren Mauludi har nauyin kowace gaɓa ya zauna masa a jiki. Wanda aka raina a haka kunnensa ya zama ma'auni.

Ma'auni na ce, kuma da gaske nake, don waƙar Hausa aunawa ake yi. Gaɓoɓin maganarmu iri biyu ne, mai sauƙi da mai nauyi. Ka furta "gida": ta farko ta wuce fit, ta biyu ta ja. Ka furta "kaza": duka biyun sun ja. Ka ce "kasuwar nan" a hankali, za ka ji nauyi, sauƙi, nauyi, nauyi. Wannan jeri shi ne malaman aruli ke kira fa'ilatun, kuma in an jera shi sau biyu a ɗango an hau karin da suke kira Ramal. Masu nazari da suka ɗora Imfiraji a kan ma'aunin Larabawa nan kusa suka ajiye ta. Marubuci mai ido zai iya zama da alƙalami yana ƙirga gaɓoɓi, ya soke ya gyara. Rubutun boko ma yakan yaudare shi, don ba ya nuna tsawon wasali: garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi duk rubutu ɗaya ne, alhali ɗaya gaɓarsa ta farko gajeriya ce, ɗayan doguwa. Namangi wannan tarko bai shafe shi ba. Kalma a wurinsa sauti ce kurum. In ta yi wa ɗango nauyi zai ji ta tun kafin ta fita daga bakinsa, ya mayar da ita ya ɗauko wata.

Sai dai abin da ya fi burge ni ba a littafin aruli yake ba. A zamaninsa akwai kiɗan caji, kiɗan samari da 'yan duniya, wanda ya cika dandali ya kama bakin yara. Malami na yau da kullum abin da zai yi shi ne ya hau mumbari ya la'anci kiɗan. Namangi sai ya saurara, ya gane abin da ke jan mutane a cikinsa, ya zare karin ya bar musu batsar, ya ɗora begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tunatarwa kan mutuwa da kwanciyar kabari. Saurayin da jiya ya kwana a wurin caji, yau ya ji makaho na rera wa'azi da karin da ƙafarsa ta riga ta sani. Kafin ya ankara ya haddace. Wannan shiga da fita tsakanin waƙar baka da rubutacciya abu ne da manazarta irin su Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello suka daɗe suna jawo hankali a kai, kuma Imfiraji na cikin manyan hujjojin da ke nuna cewa katangar da ake gittawa tsakanin malami da makaɗi ba ta kai tsawon da ake zato ba.

A Amurka an yi wani makaho da ya yi irin wannan aro, amma ta ɗaya gefen. Ray Charles, wanda aka haifa a 1930 ya makance yana ɗan shekara 7, ya ɗauki karin waƙoƙin coci na baƙaƙen fata ya ɗora musu kalaman soyayya a shekarun 1950, masu addini suka yi ta yi masa tofin Allah tsine, shi kuwa ya buɗe wa kiɗan ƙasarsu sabuwar hanya. Shi daga ɗakin ibada ya kwaso ya kai dandali. Namangi daga dandali ya kwaso ya kawo ƙofar masallaci. Su biyun sun fahimci abu guda: kari ba ruwansa da abin da aka ɗora masa, wanda ya riga ya shiga jinin mutane shi ne zai kai saƙo.

Yanzu mu zo kan baitin kansa. Imfiraji 'yar ƙwar biyar ce, wato ɗango biyar a kowane baiti. Ɗangogin ciki suna da nasu ƙaramin amsa-amo da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuwa yana komawa ga babban amsa-amo guda, wanda aka san waƙar da shi, wato "ba". Wani zai ce ai wannan sauƙi ne, Hausa cike take da "ba". Gaskiya ne, kuma nan hikimar take. Bahaushe in zai kore magana yakan buɗe da "ba" ko "bai" ya rufe da "ba". Da zarar mai sauraro ya ji ta farkon, kunnensa ya miƙe yana jiran ta ƙarshen, ba zai sami natsuwa ba sai ta zo. Namangi ya sa nahawun harshen ya yi masa aikin da mai ganga ke yi wa mawaƙi. Kuma ka duba dacewarta da wa'azi. Me mai wa'azi ke faɗa in ba korewa ba? Abin da ba zai dawwama ba, abin da ba zai amfani mutum a kabari ba, wanda ba shi da abokin tarayya, wanda ba a taɓa yin kamarsa ba a cikin halitta. Ɗango huɗu su kawo hoto, su ƙawata shi, su ja ka ciki, na biyar ya zo ya yanke hukunci.

Hatsarin da ke ciki shi ne gundura. Ka ba wa ƙaramin mawaƙi wannan amsa-amo, kafin baiti ashirin ka san inda zai faɗi tun daga ɗangon farko. Gwanintar ita ce a sa kowace "ba" ta iso ta wata hanya dabam: wannan ta zo da tsawa, waccan ta zo da tambaya, wata ta zo da lallashi, wata kuma ta zo bayan an ba ka dariya, sai ka ji dariyar ta maƙale maka a wuya. Kuma dole ma'ana ta cika daidai inda awo ya cika, kada a yi ciko da kalmar da ba ta da aikin yi. Wanda ya taɓa gwada tsara ko da baiti biyar a haka ya san zufar da ke ciki.

Wannan tsari yana da wani amfani da mai karatu a littafi ba zai lura da shi ba. Shi ne ke riƙe hadda. Maginin Zazzau, tun daga Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, ba ya ɗora sabon jerin tubali sai na ƙasa ya sha iska ya kama. Haka mai tsara waƙa da ka yake yi da baiti. Ya ƙulla ɗaya, ya yi ta juya shi a baki, a kan tabarma, a hanyar masallaci, cikin dare in gari ya yi tsit, sai ya zauna daram sannan ya ɗora na gaba. Ƙaramin amsa-amo ya ɗaure ɗangogin ciki da juna, in ka tuna ɗaya ya jawo maka ɗan'uwansa. Babban amsa-amo ya gaya maka baiti ya ƙare, ka ja numfashi. Ɗangon gajere ne, bai fi ƙarfin numfashi ɗaya ba, ko ga tsohon da ya wuni bai karya ba. Shi ya sa makafi suka rungume ta. An yi ta ne daidai ƙirjin mai rerawa, kuma mai yin ta ya san ƙirjin nan ciki da bai.

Daga baya ne takarda ke shigowa. Mawaƙi makaho sai ya sami mai rubuta masa. Ya zauna a zaure, almajiri ya tanƙwashe ƙafa a gabansa da tawada da alƙalamin kara, malam ya rera ɗango, a rubuta da ajami, a biya masa ya ji. In marubuci ya ja wasalin da bai kamata ba, ko ya haɗiye wani, a nan take za a kama shi, don mai waƙar ba da ido yake duba aikin ba. Ajami ma a nan ya fi boko gaskiya, tunda yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya. Namangi kuma ya yi sa'ar gari. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, a nan hukumar adabi ta NORLA ta yi aikinta a shekarun 1950, a nan aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Injin buga littafi yana bayan ganuwa kaɗan. Ta wannan hanya Imfiraji ta fito a buge har kashi tara, ta shiga makarantu, ta shiga jakar 'yan kasuwar littafi zuwa Kano da Sakkwato da ƙetaren iyaka. Amma fa a tuna, littafin ne ya biyo waƙar a baya. Kafin a buga ta, baki ya riga ya kai ta.

Sai harshensa. Malaman da suka riga shi da yawa sukan cika waƙa da Larabci har sai mai sauraro ya nemi wanda zai fassara masa wa'azin da aka yi don shi. Namangi ya san Larabcin, yana kuma ɗebowa in da bukata, amma jikin waƙarsa Hausar tsakar gida ce da ta bakin kasuwa. Mutanen da ke cikinta ka san su: magulmaci, mai cin amana, mai taƙama da dukiya, mazinaci, matar da ta raina miji, mijin da bai sauke hakki ba. Yakan zana su har ka ji kamar maƙwabcinka ake nufi, sai can ka gane da kai ake. Ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda wanda bai ga fuska ba ya san mutane haka. Wataƙila dalilin shi ne mutane ba sa ɓoye halinsu a gaban makaho. Suna ganin ba ya gani, sai su saki baki, shi kuwa yana zaune yana kwashewa: yadda murya ke sauyawa in mai kuɗi ya shigo zaure, yadda ake gaisawa da fara'a a juya baya a yi tsaki.

Ba zan ce kowane baiti nasa na kwanta mini ba. Inda ya juya kan mata wani lokaci sandarsa ta fi nauyi a kansu fiye da kan mazan da suke tarayya a laifin, kuma 'yar zamanin nan in ta ji ta ɗaure fuska ina ganin tana da hujja. Wannan ra'ayin zamaninsa ne da na zauren da ya tashi. Amma ko a wurin da ban bi shi ba, ba na iya cewa ɗangon bai zauna ba.

Kuma kada a ɗauka mutum ne mai murtuke fuska kullum. Wanda ya yi Nuniya kan tarihin Manzo, ya yi Tsarabar Madina cike da shauƙi, shi ne dai ya zauna ya yi wa keke waƙa cikin raha. Mai wa'azin da ya iya ba da dariya ya fi wanda bai iya ba haɗari ga mai zunubi, don ba ka sanin lokacin da za ka sassauta tsaro.

Saura murya. Namangi ba marubuci ne da ke miƙa wa wani ya rera masa ba. Shi ke tsarawa, shi ke rerawa, kuma an ɗauki muryarsa ta shiga rediyo da kaset. Rerawa fanni ne mai zaman kansa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, in ka karkatar da sautin kalma don ta bi waƙa kana iya mayar da ita wata kalmar. Mai rerawa na ƙwarai yakan bar karin ya rusuna wa kalma inda ma'ana za ta ɓaci, ya ja gaɓa mai nauyi, ya tsallake mai sauƙi da sauri, ya ɗan dakata kafin ɗango na biyar don kunne ya ƙara ƙishirwa. Duk wannan babu shi a takarda. Wanda ya karanta Imfiraji da ido kawai, shiru, kamar yadda ake karanta jarida, rabin waƙar ya samu.

A 2016 da aka ba Bob Dylan, mawaƙin Amurka mai tsara waƙarsa ya rera da kansa, kyautar Nobel ta adabi, an yi ta cacar baki a Turai da Amurka kan ko abin da ake rerawa ya cancanci a kira shi adabi. Zariya ta riga ta ba da tata amsar tun Namangi na da rai, ranar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Jami'ar da aka kafa a 1962 don masu biro da takarda ta sa wa mutumin da bai taɓa riƙe biro ba rigar malanta, kuma a ganina ranar jami'ar ce ta ƙaru.

Yau masu jeruwa a gindin katanga da wannan waƙa a ka sun ragu, waɗanda suka rage kuma sun tsufa. Matasanmu masu shiga situdiyo suna da na'urar da ke gyara murya, amma babu na'urar da za ta gaya maka gaɓa ta yi wa ɗango nauyi. Wannan sai kunnen da aka horar. Don haka roƙona biyu ne. Ɗaliban Hausa na Samaru da na Kongo su ɗauki wayoyinsu su shiga birni, su nemi tsofaffin makafin da suka haddace Imfiraji, su gaishe su yadda ya kamata, su ba su hakkinsu, su ɗauki rerawarsu kashi bayan kashi tun suna nan. Malaman Hausa na sakandare kuma, in kun zo kan Namangi, kada ku fara da rubuta jigo da salo a allo. Ku sa a rufe littafi, a nemo mai murya ya rera baiti goma, yara su amsa, sannan a yi nazari.